Lambobi Shidda a Wayar Baba

Ranar da anka kira sunana a lise, makarantarmu, ban ma tsaya jin na sauran ba. Admiz! Na ci Bak, jarrabawar gama sakandare, tun zagayen farko, babu komawa jarrabawa ta biyu. Na yi tsalle, ɗankwalina ya faɗi, ƙawata ta taka shi, ko a jikina. Daga bakin lise har ƙofar gidanmu da gudu na zo, takalmi a hannu. Masu shayi na gefen hanya suna cewa, "Ke, lahiya?" Ina cewa, "Bak! Na samu Bak!" Wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "To a kawo goro!" Wallahi ranar nan da an ce in rungumi jakin maƙwabta da na rungume shi.

Sai dai kafin in faɗi abin da na yi da azahar ɗin, dole in faɗi sana'ar babana.

Baba hatsi yake saidawa. Yana da mangaza guda ta haya a bayan kasuwar Filinge, ɗaki mai ƙofar ƙarfe da ke ƙara kamar akuya in an buɗe. Amma yawancin masu sayen hatsinsa ba su cikin gari. 'Yan Kurfai ne da sunka tafi nema, wasu Kurmi, wato garuruwan bakin teku irin Abijan da Lome da Kwatano, wasu kuma Yamai. Mutum yana can yana tura baro ko yawo da takalma a ka, uwarsa da matarsa suna ƙauye wajen Damana ko Bonkuku, rumbu ya kai ƙasa, an yi shuka amma hatsi bai nuna ba. Sai ya turo wa Baba vokal, wato saƙon murya ta abin hirar nan da kowa ke da shi a waya. Ya ce a ware wa tsohuwarsa buhu. Ya turo kuɗɗi, Baba ya ware, ranar Lahadi a zo da amalanken jaki a ɗauka. Babu takarda, babu sa hannu. Shekara da shekaru haka ake yi, ba a taɓa jin kansu ba.

Baba bai yi lakkol ba. Yana karanta Alƙur'aninsa, amma boko ko harafi guda. Don haka duk saƙonsa murya ne. Kuma vokal ɗin Baba, kai! Sai ya gaida mutum, ya gaida gajiyarsa, ya gaida mutanen ɗakinsu, ya ba da labarin ruwan da anka yi shekaranjiya, ya yi ƙorafin gwiwarsa, sannan can ƙarshe ya ce buhu ya iso. Kowa a Kurmi ya san haka. Da wani zai ga rubutu ya fito daga lambar Baba a lokacin, dariya zai yi ya ce an sace wayar tsoho.

Ni na ɓata wannan.

Bayan sojoji sun ɗauki mulki komai ya yi tsauri. Iyakoki a rufe, kaya sun yi tsada, kuran, wato wutar lantarki, sai ya yini bai zo ba, rezon waya kuma sai ka hau katanga kana ɗaga waya kamar mai kiran tantabaru. Vokal ɗin Baba na minti huɗu sai ya yi awa yana juyawa bai tafi ba, ga shi yana cinye megan intanet da muke saye. Na ce, "Baba, kawo in rubuta, yanzu zai tahi." Ya miƙo. Yatsuna kuwa a ajinmu babu mai kamo ni, ina rubutu ina kallon wani wuri. Na farko da na tura, wani mutumin Baba da ke Lome ya maido da vokal, "Wa ke nan? Ina mai wayar?" Baba ya yi masa bayani da bakinsa, "Ɗiyata ce, 'yar lakkol, ita ka rubuta min." Daga nan anka saba. Waɗanda ba su karatu abokan ɗakinsu ke karanta musu. Ina da salona da kowa ya sani: "Slt kawu! Buhu ya iso, cool," in sa ɗan hoton zangarniya da wuta biyu. Sunka sa mini suna Sekretar. Ina jin daɗin sunan har cikin raina.

Akwai kuma babban gurup na 'yan Kurfai, wanda Baba yake cikin masu riƙe da shi saboda girmansa. Mutane cike. Duk wanda ya ce shi ɗan gida ne sai wani ya sa shi. Ba mai tambayar wane ƙauye, ɗan wane ne. In ka iya gaisuwa ka shiga.

To ranar sakamakon, wayata tana wurin mai pano, mai cajin waya da hasken rana, tun safe, don kwana biyu ba mu ga kuran ba. Na fizgi ta Baba. Na ɗauki hotona ina dariya haƙora waje, na jefa a babban gurup: "Sekretar admiz!!! Bak a aljihu!" Wuta biyar na sa ranar. Kafin in sha ruwa barka ta fara zubowa. Vokal, vokal, vokal. Gida ya cika da mata, Inna tana guɗa, an aika a kamo zakara, Baba yana zaure da abokansa yana ta cewa "Alhamdu lillahi" yana gyara hula.

Ana kiran azahar wayar ta yi ƙara. Lambar da ban sani ba. Na shiga ɗaki don hayaniya.

"Salamu alaikum. Sekretar ce?"

"Ita ce da kanta!"

"Kai, barka, barka! Fofo, ɗiyata. Kin hidda mu kunya. Ina tsoho? Ya gwiwar tasa, ta yi sauƙi?"

Hausarmu ce sak, irin ta gida. Ya san gwiwar Baba. Na ce da sauƙi, kawu.

"Madalla. Mu ne na ƙungiyar 'yan gida da ke Yamai. Muna haɗa sunayen yaranmu da sunka samu Bak, akwai ɗan tallahi na kuɗɗin ɗaki da littattahai. Za mu sa ki cikin gurup ɗinsu yanzu, kada a cika babu ke. An turo lamba ga wayar nan, duba ki karanto min."

Na duba. Ga saƙo ya shigo, lambobi shidda. A ƙarƙashinsu akwai layi guda da Faransanci, yana cewa kada a ba kowa wannan lamba. Na gani. Ba zan yi ƙarya ba, idona ya sauka a kansa. Ni da na fito daga jarrabawar Faransanci da maki mai kyau, yatsana ya ture layin sama kamar yadda nake ture talla. Na karanto masa, ɗaya bayan ɗaya, har ina maimaita ta ƙarshe don kada ya yi kuskure.

"Allah shi yi miki albarka, Sekretar," ya ce, ya kashe.

Na koma in ga sabon gurup. Abin hirar ya rufe. Wani rubutu ya fito, wai an buɗe wannan lamba a wata wayar.

Na san mi ke nan, don an taɓa yi wa wani ɗan ajinmu, mun yi masa dariya sati guda. Na yi sauri in sake shiga, in nemi sabuwar lamba. Wayar ta ce an nema da yawa, sai bayan awoyi. Mutumin ya riga ya toshe hanyar. Na sake dannawa. Na kashe wayar na kunna. Na cire pus ɗin, wato sim, na goge da bakin zane na mayar. Babu.

Baba ya leƙo daga zaure, fuskarsa duk fara'a. "Ke 'yar lakkol, mi mutanen Abijan sunka ce? Kawo in ji."

Na ce, "Rezo ya ɗauke, Baba."

"To, halinsa ne," ya ce, ya koma.

Na tura wayar ƙarƙashin matashi na fita. Na yi rawa. Na ci zakara, har anka ba ni cinya. Ƙawayena sunka zo munka yi hotuna da wayoyinsu. Ina ta gaya wa kaina da an cika awoyin zan gyara, ba wanda zai sani, don mi zan ɓata wa mutane biki? Lambobin da na karanta minti guda sunka ɗauka. Shirun da na yi ya ɗauki yini da kwana, kuma shi ya fi yi mana ɓarna.

Da safe Baba yana shan koko wayar ta yi ƙara a ɗaki. Kira ne na kai tsaye, irin mai tsada, wanda 'yan Kurmi ba su yi sai da dalili. Na kawo masa. Mutumin Lome ne, yana magana da ƙarfi har ina ji.

"Alhaji, na tura tun jiya. An gani? Shiru na ji."

"Ka tura mi?"

"Kuɗɗin buhu biyu mana. Ga sabuwar lambar da Sekretar ta bayar."

Baba ya juyo ya dube ni. Ban jira tambaya ba. Na durƙusa na faɗi komai, kiran, gwiwar, lambobin. Inna ta saki ludayi cikin ƙwarya.

Bai yi ihu ba. Da ya yi da na fi so. Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun jiya da azahar."

"Jiya da azahar," ya maimaita. "Da na tambaye ki kinka ce rezo."

"Na ji tsoro, Baba."

"Kin ji tsoro kinka ci cinya," Inna ta ce. "Kinka yi rawa gabana!"

"Bar ta," Baba ya ce. "Tashi ki karɓo wayarki."

Na ruga wurin mai pano. Mutumin Lome ya ɗauko hoton saƙon ya turo mini. Na karanta a tsaye a bakin hanya, sai na ji kamar na ga kaina a madubin da ba nawa ba. "Slt kawu! Kamiyon hatsi ya iso, stok na ƙarshe kafin kuɗɗi su hau. Lambar Baba ta karɓar kuɗɗi ta samu matsala, a tura ta wannan. Vit vit, cool." Ga zangarniya. Ga wuta biyu. Mutumin ya daɗe cikin gurup yana karanta ni, ya haddace ni kamar darasi. Ya bi mutanen gurup ɗaya bayan ɗaya ya tura musu. Kuma wa zai yi shakka? Hatsi yana hawa kowane sati, kowa ya sani. Layukan tura kuɗɗi suna samun matsala, kowa ya sani. Uwar mutum tana ƙauye da rumbu wayam, an ce masa gobe tsada, mi zai jira?

Na zauna a zaure na kwashe lambobi daga wayar Baba, na fara turawa daga tawa: kada kowa ya tura komai, an sace kont ɗin Baba na abin hira. Yatsuna ba su taɓa gudu irin na ranar ba. Ban kai mutum ashirin ba wani ya maido mini da amsa, "Ɓarauniya, an riga an gaya mana ke." Ashe ɓarawon ya sa a gurup, da lambar Baba, da salona, cewa akwai wata baƙuwar lamba tana yawo tana ɓata sunan Baba, kada a saurare ta. Har da "Atansiyo kawunai!" Abin da ni zan rubuta ke nan.

Na nuna wa Baba ina kuka. Ya ce, "Danna min wurin magana."

Na danna. Ban taɓa jin vokal ɗinsa gajere haka ba. Babu gaisuwa, babu labarin ruwa. "Ni ne. Kun san muryata. An shiga wayata tun jiya. Duk rubutun da kunka gani ba ni ba ne, ba ɗiyata ba ce. Kada wanda ya ƙara tura ko dala. Wanda ya ji shi gaya ma na kusa da shi."

Na hau katanga da rana tsaka, wayar a sama, ina kallon ɗan da'irar nan tana juyawa. Ta tafi wurin mutum guda. Ta tsaya. Ta tafi wurin na biyu. Sai da waɗancan sunka fara turawa junansu sannan maganar ta bazu. Da la'asar wayar Baba ta yarda ta turo sabuwar lamba, na shigar, anka fitar da ɓarawon. Amma ya sa wani kulle na biyu da lambar sirrinsa, wayar ta ce mu ma sai mun jira kwana bakwai. Kwana bakwai lambar Baba tana nan kamar gidan da anka rufe, mutane suna turo tambaya ba mai amsawa.

Mun je wurin 'yan sanda mun kai ƙara, an rubuta, an ce za a bincika. Wanda ya rubuta ya ce ba mu ne na farko ba cikin watan. Baba ya yi godiya munka dawo.

Ranar Lahadi na bi shi mangaza. Bai ce in zo ba, bai ce in koma ba. Tun kafin mu buɗe ƙofa akwai amalanke a tsaye. Wata tsohuwa ce daga wani ƙauye wajen Damana, da surukarta mai goyo. Sun taso tun asuba, don babura an hana su a hanyar saboda rashin tsaro, kuma ba kowace mota ke son bin ta ba. Tsohuwar ta sauko da ƙyar tana dafa ƙafar amalanken.

"Mai hatsi, ina kwana? Yarona ya ce ya biya. Ya ce in zo da wuri kada a ƙare."

Ƙauyensu babu rezo. Vokal ɗin Baba bai kai can ba. Ɗan ya aika mata da saƙo ta bakin wani tun ranar farko, shi ke nan.

Baba ya tsaya da mabuɗi a hannu. Maƙwabcinsa, wani mai saida wake da ke mangazar gefe, ya matso ya ja shi gefe, amma ina ji.

"Alhaji, kada ka hwara. In ka ba wannan, duk sai ka ba su. Ba kai ka ci ba."

"Da lambata anka ci."

"Lamba ai ba mutum ba ce! Gaya mata gaskiya, ta yi haƙuri."

"In gaya mata ta koma da amalanke wayam? Ta dahwa mi?"

Ya buɗe ƙofa. Ya kira masu dako sunka ɗora mata buhu. Tsohuwar ta yi ta sa albarka, har ta juyo gare ni ta ce, "Ke ce mai rubutun? An ce kin ci jarrabawa. Allah shi ƙara ilimi." Na sunkuyar da kai. Ba ta san komai ba, kuma Baba bai gaya mata ba.

Mai wake bai yi ƙarya ba. Kafin azahar amalanke biyar sun zo. Labari ya kai Kurmi cewa Alhaji yana ba da hatsi ga duk wanda anka cuta, sai waya ta hau ƙara. Na ce, "Baba, aƙalla bari in duba. Duk wanda ya ce ya tura, shi nuna shaidar turawa." Don na lura akwai waɗanda bakinsu ke rawa in an tambaye su ranar da sunka tura. Baba ya yarda. Na zauna bisa buhu da wayata, ina karɓar hotunan shaida.

Nan ne wani ya zo, ƙanen wani ɗan Abijan, dogo mai rawani. Na ce ya nuna mini. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke za ki duba ni? Ke?" Ya juya ga mutanen da ke tsaye. "Jama'a, ku ji min. Rubutun nan an karanta min shi. Yadda take rubutu ne, babu abin da ya ragu. Wa ya san ba ita da wani saurayinta na Yamai sunka haɗa ba? Jiya ta samu Bak, yau tana neman kuɗɗin tahiya."

Kasuwa ta yi tsit a kunnena. Wata mai tallan ƙosai ta ce, "Kai, ji tsoron Allah!" Amma wasu sunka kau da kai.

Baba ya taso a hankali saboda gwiwar. Ya tsaya gaban mutumin. "Ɗiyata ta yi wauta. Wautar da ta yi ni ka biyanta, ga shi kana gani. Amma ba ta yi sata ba. In ka ƙara hwaɗin haka a ƙohwar mangazata, ni da kai sai gaban mai gari." Ya juya ga masu dako. "Ku ɗora mai buhunai shi tahi."

"Baba, bai nuna shaida ba!"

"Ku ɗora mai."

Ya tafi da buhun. Har yau ban san ko wansa ya tura ko bai tura ba. Maganar da ya yi kuwa ta riga shi isa Abijan.

Hatsin da ke mangazar shi ne jarin Baba gaba ɗaya. Ya saye shi tun kaka yana da araha, ya ajiye don wannan lokacin, daga ribarsa ake sake cika ɗakin, daga ita muke ci. Lahadi ta biyu bango ya fara bayyana. Ban taɓa ganin bangon baya na mangazar ba sai ranar, ashe akwai wata 'yar taga a can. Waɗanda sunka zo daga baya anka raba musu rabin buhu. Na bayansu tiya goma goma. Wani dattijo daga wajen Bonkuku ya iso da la'asar, Baba ya shigar da shi ciki ya nuna masa ɗakin da hannu. Dattijon ya duba, ya ce, "To waɗanda sunka riga ni sun fi ni uwa ke nan?" Baba ya rako shi waje ya ja ƙofar. Waɗanda sunka samu sun yi godiya sun yi shiru. Waɗanda ba su samu ba su anka fi ji.

Da kwana bakwai sunka cika na buɗe kont ɗin. Saƙonni sunka zubo, tambaya, zagi, addu'a, wani yana kuka cikin vokal. Babban gurup ɗin kuwa shiru, kamar an share. Mutumin Lome ne ya gaya mini, yana jin nauyi, cewa an buɗe sabo. An ce na amintattu ne kawai. Ba a sa Baba ba. Wai ba don shi ba, don wayarsa ba a hannunsa take ba.

Ban gaya masa ba. Ya gane da kansa, don safiya ta yi ta yi ba vokal ɗin gaisuwa.

Na sa wa kont ɗin kullen nan na biyu, abin da bai fi minti biyu ba, abin da na san da shi tun tuni ban taɓa damuwa ba. Daga nan wani abu ya shige ni. Na bi kasuwa rumfa rumfa ina cewa a kawo waya in sa kulle, kyauta. Ina gaya musu duk wanda ya kira ya ce a karanto lamba, ko da muryar limamin Juma'a ya zo, a kashe. In an ce an canja lambar karɓar kuɗɗi, a kira mutum a ji bakinsa. Masu ɗinki biyu sunka ba ni. Mai saida man shanu ta ba ni, ta ce in sa shekarar haihuwar ɗanta, na ce a'a, duk unguwa ta sani. Wani mahauci ya tura wayarsa cikin aljihu ya dafe.

"Ke da kanki? Wadda ta buɗe ma ɓarawo ƙohwa ita ka saida kwaɗo?"

Mutane sunka yi dariya. Na ce, "Shi ya sa na san inda ƙohwar take, kawu."

"Je ki, na gode. Tawa ko ni ban san lambarta ba."

Na wuce. A bayan rumfar masu tabarma na tsaya na share hawaye, sannan na ci gaba.

Da anka yi girbi Baba ya so ya sake tashi. Ya yi vokal ya tura wa tsofaffin mutanensa ɗaya ɗaya, da cikakkiyar gaisuwa irin ta da, ya ce kaka ta yi, wanda ke son a ajiye masa ya yi magana. Ni na riƙe wayar, shi ya yi maganar, ban rubuta ko harafi ba. Mutum uku sunka amsa da oda. Sauran sunka amsa gaisuwar da kyau, sunka tambayi gwiwa, sunka yi shiru a kan hatsi. Daga baya munka ga amalankensu a ƙofar mai wake, wanda ya fara ajiye hatsi shi ma. Ban ga laifinsu ba. Mutum yana tura baro a ƙasar wasu, ba zai sa abincin uwarsa inda anka taɓa yin asara ba.

Oda uku ba ta riƙe mangaza. Ranar da za a mayar da mabuɗi, ni da Inna munka je shara. Inna ta hana a zubar da abin da munka tara. Ta zauna a bakin ƙofa da faifai tana fidda tsakuwa da kashin ɓera daga hatsin ƙasa, ta samu kusan tiya biyu, ta ƙulle a zane. Baba yana tsaye yana kallon hanya.

Na ce, "Baba, ka yahe min."

"Na yahe tun ranar," ya ce. "Ɗauko tsintsiyar, ta mutane ce."

Mai ɗakin ya zo, sunka gaisa, ya karɓi mabuɗi, ya ja ƙofar.

Yanzu ina Yamai ina karatu. Baba yana zama ranar Lahadi a rumfar wani abokinsa, da buhu guda da yake sarowa wurin mai wake, yana awo da tiya. Babbar wayar ya ba Inna, ya sayi ƙarama mai maɓallai da tocila. Ran nan na kira shi ina jin hayaniyar kasuwa a bayansa, wata mata tana cewa ya cika mata tiyar, yana cewa ta cika, hajiya, duba da kyau. Ya ce in kira an jima, yana da mai saye.